Goran da Baffa Ya Shaida

Litinin, 11 ga Agusta, da hantsi

Lauya Risikat ta ba ni littafin nan da biro. Ta ce in rubuta duk abin da na tuna, in sa rana da lokaci, don alƙali na son lokaci. Na ce mata aji uku na tsaya. Ta ce ba gasar rubutu za mu ba.

To ga shi. Sunana Tamba ɗan Nu'uman, mutumin Argungu, masunci ɗan masunci. Shekarata ashirin da bakwai. A takardar kotu na mutu ina da sha takwas.

Shekara tara da sunka wuce, da damina, anka tsamo gawa daga gulbi. Ta kwana huɗu a ruwa, da gorana ɗaure a ƙugunta, irin babban goran da muke kwanciya bisa mu ƙetare. Kowane gida da alamar da yake ƙonawa a wuyan goransa. Tamu zane uku da ɗigo. Baffa Abdussamadu, ƙanen babana, ya ga alama ya ce ni ne. Anka binne nan bakin gulbi, gindin kanya, don gawar ruwa ba ta jiran a kai ta gari. Bara babana ya rasu. Da kotu ta zo rabon fadamarsa, Baffa ya rantse cewa da hannunsa ya sa ni a rami. Alƙali ya rubuta. Ni kuma wata biyu da sunka wuce na sauka a tasha da buhuna.

Abin da nike nema, a cire ni daga cikin matattu.

Ina zaune gidan ƙanwata Fiddausi a Gwadangaji, gefen babban birnin jiharmu. Buhun na bayan ƙofa. Ban kwance shi ba.

Talata, 12 ga Agusta, bayan la'asar

Fiddausi ba ta miƙo mini abinci a hannu. Bakin ƙofa take ajewa, ta ce, "Yaya, ga shi nan," ta ja baya. Kwanona daban take wanke shi. Ba ƙiyayya ba ce, ita ta yi kuka har ta shiɗe ranar da na shigo. Amma yau ma, tana wucewa da tsintsiya, ta sa yatsa ɗaya ta taɓa mini damtse kamar mai duba ko tuwo ya huce. Na yi kamar ban ji ba.

Mijinta Taufiq, mai keke napep, yakan gaishe ni daga zaure. "Baƙo, an tashi lafiya?"

Tun da na dawo ba wanda ya kira sunana. Ina lura.

Laraba, 13 ga Agusta, da azahar

Ofishin Lauya a unguwar Nassarawa yake, saman shagon babanta Alhaji Ayinde mai kayan mashin. Nan garin anka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Duk bayanin da za ta yi, ƙasa ana buga ƙarfe.

Ta ce matacce ba ya shigar da ƙara. Don haka da sunan Fiddausi anka shigar, ni shaida ne kawai. Kotu ta sa Talata, biyu ga Satumba.

Tana da shafi a intanet inda take rubutu kan hukunce-hukuncen kotuna, lauyoyi su zo ƙasa su yi ta gardama. Ta sa labarina, ba sunan gari, ta kira ni Marigayi T. Ta juyo mini da kwamfuta, ta riƙa karantawa tana maida mini da Hausa.

Wani Barista Ikrima ya ce hukunci hukunci ne. Kotun da ta yanke, hannunta ya fita, lokacin ɗaukaka ƙara kuma ya wuce. Ya ce in ana son sauƙi a miƙa ni a matsayin kayan shaida, a manna mini takarda a goshi a buga hatimi, a aje ni ɗakin ajiya tare da awakin sata. Mutum arba'in da ɗaya sun sa fuskar dariya. Ni ma na yi dariya, don ya iya magana.

Wata malamar jami'a, Dokta Ozioma, ta ce a'a. Kwanan nan wata kotun sama ta yanke cewa kotu na iya warware hukuncinta da kanta in ya tabbata bisa kuskure anka gina shi. Ta ce ta yi dogon rubutu a kai, ta sa a karanta. Wani malami kuma ya kawo daga littattafan fiƙihu cewa wanda ya ɓata, in ya dawo, haƙƙinsa na nan.

Barista Ikrima ya dawo ya ce, wanda ya ɓata ba shi da kabari. Wannan yana da.

Sai Dokta ta rubuta layi ɗaya. Lauya ta karanta shi a hankali. "In shi yana raye, wa ke cikin kabarin?"

Ta ɗago ta dube ni. "Malam, kai ma ba ka sani ba, ko?"

Na ce an kira salla.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Ruwa tun asuba. Ban fita ba.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan magariba

Na tafi Argungu na dawo. Lauya ta ce in gwada yi wa Baffa magana.

Na same shi ƙofar gida yana ɗinkin homa, ragarsa ta kamun kifi, da mutum uku. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa wa homar.

"Baffa, kan maganar kotu na zo."

Ya ce wa na kusa da shi, "Ku ce ma baƙon Fiddausi ni na rantse. Ban iya rantsuwa biyu kan gawa guda."

Na kusa da shi ya juyo zai maimaita mini, ya ga ba amfani, ya fasa. Sau uku Baffa yana kuskure ido ɗaya na homa.

Na bi ta bakin gulbi. Kabarin na nan gindin kanya, an kewaye shi da ƙaya. Ba ciyawa ko ɗaya a kansa, alhali ko'ina ta kai gwiwa. Wani na cirewa. Na auna da ƙafa, taki ashirin da biyu tsakanin ruwa da saiwar kanya.

Ina dawowa ta lungun masunta Inna Nana ta hango ni daga ƙofarta. Uwar Hodi ce. Hodi abokina ne, nono ne kawai bai haɗa mu ba. Kowa a Argungu ya san Hodi ya tafi kamun kifi ƙasar Gana a satin da na mutu, ko jana'izata bai tsaya ba, har anka yi ta zaginsa. Kowa ya san duk shekara yakan aiko wa uwarsa ƙunshi ta hannun direbobi.

Tana sanye da koriyar atamfa mai zanen ganye. Na san atamfar.

Ta dama fura, ta sa mini ƙwaryar a hannu. A hannu. Ta tsaya har na shanye.

"An ce kai ma can wajen kaz zamna. Kun gamu da shi?"

Na ce, "Inna, ƙasar na da faɗi."

Ta ce, "Haka na."

Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi

Fiddausi na shara ta zo za ta ɗaga buhun. Na ce ta bar shi. Ban san muryata za ta fita da ƙarfi haka ba. Ta ce, "Ba nauyi, Yaya. Mi ke ciki?" Na ce iska.

Talata, 19 ga Agusta, da la'asar

Lauya ta ce in rubuta inda na zauna shekara tara, don za a tambaya.

Yeji, a ƙasar Gana, bakin babban tafki. Wajen wani mai jirage ɗan ƙasarmu. Na yi kamun kifi, na yi banda, na koyi gyaran inji. Ban yi aure ba. Ban yi faɗa da kowa ba.

Wannan ya isa kotu.

Abin da ba na kotu ba. Tafiyar ba tawa ba ce. Hodi ne ya shekara yana shirinta. Ya ɓoye ƙunshin kayansa a tsallaken gulbi, cikin kogon tsamiya, da takardar da ke ɗauke da sunan mai jiragen. Ni na ɗauki ƙunshin na yi tafiyar. Da na isa Yeji na miƙa takarda, mutumin ya duba ya ce, "Kai ne Hodi? Ka yi latti da kwana shida." Ina da ƙura har gira, ban ci abinci ba tun jiya. Na ce na'am.

Na'am ɗin nan ɗaya ce. Sauran duk binta sunka yi.

Laraba, 20 ga Agusta, da safe

A shekara ta biyu wani direba daga gida ya zo ɗaukar banda. Bai san fuskata ba. Da ya ji an kira ni ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ashe kai ne Hodi. Ya haƙurin abokinka Tamba? Allah ya jiƙansa, an ce yaron kirki ne." Na ce amin. Masunta sunka taru sunka yi mini gaisuwa, mai jirage ya ba ni hutun yini guda.

Shi direban na fara ba ƙunshi. Atamfa ɗaya da busasshen kifi. Na ce a kai wa Inna Nana, lungun masunta.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan azahar

Shafin Lauya ya cika. Mutum ɗari uku da wani abu. Wani ya ce ni ɗan damfara ne, fadama na gani. Wata ta ce a gwada jini da na Fiddausi a huta. Wani ya ce a tone kabari. Da Lauya ta karanta wannan na ji ƙarfen da ake bugawa ƙasa cikin haƙorana.

Barista Ikrima ya sauko kaɗan. Ya ce ya karanta hukuncin da Dokta ta kawo, yana iya aiki. Kuma ya ce doka ba ta ɗora wa Marigayi T. bayanin wanda ke kabari ba. Aikinsa ya nuna shi yana numfashi. In alƙali ya tambaya, yana iya cewa bai sani ba, a wuce wurin.

Lauya ta yi murna. "Ka ji ko, Malam? Kalma uku. Ban sani ba. Shi ke nan ka tashi daga matattu."

Na ce, "Bayan na rantse zan faɗe su ko kafin?"

Ta ce bayan. Ta ci gaba da danne-danne, sai can ta tsaya ta dube ni.

Abin da ke ba ni mamaki da mutanen shafin nan, ba wanda ya taɓa ganin gulbinmu, amma duk sun tsaya bakin kabarin suna leƙe.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan masallaci

Taufiq ya kai fasinja tasha ya ji daga direbobin Argungu gulbi ya ƙaru. Na ce taki nawa ya rage zuwa kanya? Ya ce wace kanya?

Lahadi, 24 ga Agusta, da hantsi

Na tafi na gani da idona. Taki tara.

Ban shiga gari ba. Daga nesa na ga mace duƙe wajen ƙayar, da lauje. Koriyar atamfa. Na tsaya bayan dawa har ta gama ta tafi.

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

Ban faɗi dalilin dawowata ba. Labarin rasuwar babana ya same ni bayan wata takwas. Wani ya faɗa muna cin abinci, kamar yadda ake faɗin farashin mai. "Nu'uman ma ya rasu, uban abokin nan naka." Anka ce Allah sarki, anka ci gaba da ci. Ba wanda ya riƙe hannuna. Uban aboki ba a ba da hutu a kansa. Na gama cin abincin, na wanke hannu, na koma jirgi.

Babana ya mutu yana zaton zai same ni lahira.

Talata, 26 ga Agusta

Ba komai.

Laraba, 27 ga Agusta, da la'asar

Fiddausi ta zauna nesa da ni tana tsince shinkafa. Ta ce in kotu ta maido ni, rabonta na fadama zai ragu, kuma ko a jikinta. Ta ce abu ɗaya ke damunta. Shekara tara duk sallar da ta yi tana sa ni cikin addu'ar mamata, bayan Innarmu. Yanzu in ta zo wurin bakinta na faɗa da kansa kafin ta tare shi.

"To ladan wa yake zuwa, Yaya?"

Na ce ba ya ɓata.

Ta ce Inna Nana ma haka. Duk shekara, ranar da ruwa ya taɓa saiwar kanya, takan soya ƙosai kwando guda ta raba sadaka, wai don abokin ɗanta. Ba ta taɓa fashi ba.

Na ce, "Ƙosai?"

Ta ce e, mai yaji sosai.

Ni ba na cin wake. Tun ina yaro yake kumbura mini ciki, duk lungun masunta an sani, Inna Nana da kanta ta sha dafa mini dabam. Wanda ke iya cinye ƙosan mutum uku ya sha ruwa ya ce a ƙaro, ba ni ba ne.

Alhamis, 28 ga Agusta, da safe

Zan rubuta sau ɗaya.

Ranar, Hodi zai ƙetare ya tafi, ni zan raka shi tsallake in dawo. Gulbi ya cika. Gorana ya tsage ta ƙasa tun sati guda, na liƙe da ƙaro, na san liƙin bai kama ba. Ina tsoron faɗa wa babana. Da munka zo bakin ruwa na ce, "Kawo naka in ji, kai ka riƙe nawa, ai ka fi ni iya ruwa." Ya yi dariya ya ce matsoraci. Ya ɗaura nawa a ƙugu, ya ƙulle tam.

Ban ce masa ya tsage ba.

Gora in ya sha ruwa ba ya sakin mutum. Ja yake.

Sau biyu ya kira ni. Da sunana. Shi ne na ƙarshe da ya kira ni da shi.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan magariba

Ruwa ya taɓa saiwa. Tun daga tashar Argungu na ji ƙamshin mai.

Inna Nana ta yi sadakar. Mata na karɓa suna kallon juna, don wanda ake yi dominsa ga shi tsaye bakin lungu da takalmi. Wata tsohuwa ta ce, "Nana, bana kuma ta wa ta?" Inna ta ce, "Karɓi ki ci, ko a ba wani."

Da anka watse ta ce in shigo. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara. Ta zazzage a gabana. Guntayen igiya takwas, kowanne da ƙullinsa.

"Na ƙunshin da aka aiko min na. Ban taɓa kwance ko guda ba, gefe nike yankewa da wuƙa." Ta ɗauki ɗaya ta juya shi. "Hodi da dama shike ƙulli. Wanga ƙullin bahago na. Bahago guda gare mu a lungun ga."

Na dubi hannuna na hagu. Yana kan gwiwata kamar na wani.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun na farko."

"Mi ya hana ki faɗi?"

"In hwaɗa ma wa? Ubanka ya yi kukanshi ya gama. In tahi in ce mishi ya ba ni kabarin, nawa na?" Ta mayar da igiyar cikin gwangwani. "Kullum ina cewa baɗi. In ƙunshi ya zo, mata su taru, su ce Nana ɗanki bai mance ki ba. In ɗaura atamfa in fita. Sai in ce baɗi. Har Nu'uman ya tahi. Na ci amanarshi, na sani. Kai ma ka ci tawa. Kowa da abin da za shi hwaɗi gaban Allah."

Na ce, "Inna, goran nan..."

Ta ɗaga hannu. "Kar ka ba ni wagga. Kai ma alƙali, shi anka aje don shi ji."

Munka zauna. Kaji na tsattsagar ɓurɓushin ƙosai. Na faɗa mata abin da lauyoyin shafi sunka ce, cewa ina iya fita da kalma uku ba tare da na ambaci kowa ba.

"To sai a ce wa ke ciki?"

"Ba kowa. Wani baƙo."

Ta ce, "Ran Talata in ka buɗe baki, Hodi ya mutu. In ka rufe, shina Gana, sai dai ba mai aiko ƙunshi." Ta rufe gwangwanin. "Ban ce ka yi ba. Ban ce ka bari ba. Tashi kar mota ta ƙare."

Ta ƙunsa mini ƙosai biyar a takarda. Na ci su a mota, duka.

Lahadi, 31 ga Agusta, da safe

Ciki ya kumbura. Fiddausi ta ce mi na ci.

Litinin, 1 ga Satumba, bayan azahar

Na ba Lauya littafin nan na ce ta karanta na ranar Alhamis da ta wuce. Ta karanta sau biyu, saboda rubutuna. Ƙasa an daina buga ƙarfe, an tafi salla.

Ta ce in na faɗi wannan, alƙali zai tura ni wajen 'yan sanda in yi bayani. Ta ce a ganinta ba kisa ba ne, yaro ne ɗan sha takwas ya ji tsoron babansa, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce har yanzu kalma ukun nan na nan.

Na ce, "In na faɗe su, wa zai fito daga kotun?"

Ta rufe kwamfutar. "Wannan ba zai hau shafi ba, Malam. Su yi gardamarsu da abin da ke hannunsu."

Na kwance buhun. Goran Hodi bai tsage ba, bai yi huhu ba. Shekara tara ina shafa masa mai.

Talata, 2 ga Satumba, bayan magariba

Kotu ta zauna ƙarfe goma. Fanka ɗaya ke aiki. Magatakarda ya kira, "Maganar gadon Nu'uman, da ta shafi marigayi Tamba." Na miƙe. Mutane sunka yi 'yar dariya, alƙali ya dube su sunka bari.

Lauya ta yi bayanin hukuncin kotun sama, ta miƙa takardu. Fiddausi ta yi shaida. Sai anka kira Baffa. Ya fito da sanda, ban taɓa ganinsa da sanda ba.

Alƙali ya ce, "Malam Abdussamadu, ka rantse a kotun nan cewa ka shaida gawar."

"Na rantse, Allah ya gafarta malam."

"Da mi ka shaida ta?"

Ya ce, "Gora na shaida. Fuska ba ta nan. Alamarmu ta, ni da Nu'uman munka ƙona ta da ƙusa guda. Ban taɓa jin mai gora ya rabu da goranshi cikin ruwa ba."

"Wanda ke tsaye can, ka san shi?"

Baffa ya juyo. Wata biyu da rabi, yau ya dube ni. "Ɗan Nu'uman na," ya ce. Anka ba shi kujera.

Na rantse. Alƙali ya tambayi inda na zauna, na faɗa. Ya rubuta, ya cire tabarau.

"Ka san wanda anka binne?"

Lauya na kallon teburinta. Na waiwaya. Can benci na ƙarshe wajen mata, Inna Nana. Ba koriyar atamfa ba. Wani tsohon zane baƙi da na sani tun muna yara.

Na buɗe buhu na ɗora goran bisa tebur. Na faɗi duka, har tsagar, har liƙin ƙaro. Ban san tsawon lokacin ba. Fankar ma na ji ta tsaya, ko wuta anka ɗauke.

Alƙali ya ce ko akwai wanda ya san alamar wanga gora. Inna Nana ta taso. Ba wanda ya kira ta. Ta zo ta sa babban yatsa a wuyan goran, kan alamar gicciye biyu.

"Ta gidanmu ta. Na Hodi na, ɗana."

"Ina Hodi yanzu?"

"Gindin kanya."

Ta ce a ba ta goran. Alƙali ya ce ya zama kayan shaida, sai kwana talatin sun wuce ba wanda ya ɗaukaka ƙara. Magatakarda ya manna masa takarda ya buga hatimi. Ta ce, "Ba komai, a aje shi inda ba rana." Ta koma bencinta.

Bayan azahar ya karanta hukunci. Ya warware na bara. Ya ce Tamba ɗan Nu'uman rayayye ne, a sake rabo. Na yi bayani wajen 'yan sanda har la'asar, Taufiq ya tsaya mini, sunka ce in dawo Litinin.

A mota Fiddausi ta yi gyangyaɗi, kanta ya faɗo kafaɗata. Ba ta janye ba.

Laraba, 3 ga Satumba, da hantsi

Lauya ta kira wayar Taufiq. Ta ce ta sa a shafi cewa an maido Marigayi T., ba ta ƙara komai ba. Barista Ikrima ya ce madalla, amma yana nan kan bakansa cewa hanyar da anka bi da sauran magana. Dokta Ozioma za ta sa shari'ar cikin rubutunta na gaba. Wani ya tambaya, to wa ke kabarin? Ba wanda ya amsa masa. Yanzu sun koma kan wani hukuncin filaye.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan la'asar

An yi wa Hodi addu'ar uku a lungun masunta. Shekara tara da kwana uku. An shimfiɗa tabarmi ƙofar gidan Inna Nana. Waɗanda sunka zagi Hodi don bai tsaya jana'izata ba duk sun zo, suna zaune kansu ƙasa. Na zauna can gefe. Wasu sun ba ni hannu, wasu sun tsallake. Baffa ya matsa ya bar mini wuri kusa da shi.

Ruwa ya rufe saiwar kanya, ya tsaya taki ɗaya daga ƙaya. Masunta sun ce ba zai ƙara ba bana.

Liman ya ɗaga hannu. Ya ce, "Hodi..." ya tsaya ya yi tari.

Na ce na'am.

Ba da ƙarfi ba. Baffa ya ji, na gabana ma ya ji. Ba wanda ya waiwayo. Liman ya ƙarasa, Allah ya jiƙansa, anka shafa.

Ana ta watsewa, daga bayan zana Inna Nana ta yi kira. Ina jin ta, ina kallon tururuwa na jan ƙwayar shinkafa bakin tabarma, ina cewa a raina wanga da ake kira ba ya ji ne. Ta sake kira. Baffa ya taɓa mini gwiwa.

"Tamba. Zo ka ɗauke min tukunyar ga, ta yi min nauyi."

Sai a na uku na amsa.